Karkandar da mai zanenta bai taɓa gani ba: fashin baƙi kan dabbobi a bugun zanen Turai na shekaru 500 da suka wuce

Kwanakin baya ƙanwata ta turo mini wani hoto ta WhatsApp. Ɗan maraƙi ne mai fuska kamar ta mutum, an rubuta a ƙasa wai a wani ƙauye aka haife shi, kuma alama ce ta ƙarshen zamani. Ta biyo da saƙon murya: "Yaya, don Allah wannan gaskiya ne ko aikin kwamfuta ne?"

Tun da hotunan ƙirƙirarriyar basira suka cika wayoyi ake ta cewa an kashe amanar hoto, kamar dai a da duk abin da ido ya gani a takarda gaskiya ne. Wasu kuma idan suka ci karo da tsofaffin zane-zanen Turawa a intanet, irin kifi mai kan mutum ko doki mai ƙaho a goshi, sai su ɗauka jahilci ne kawai na mutanen da. Duka fahimtar biyu akwai gyara. Tambayar da ke ƙarƙashinsu ɗaya ce: me ke sa mutum ya yarda da hoton dabbar da bai taɓa gani ba? Turai ta yi fama da wannan tambaya tsakanin wajajen 1450 da 1750, lokacin da a karon farko hoto ɗaya ya samu damar shiga hannun dubban mutane. Ba inda labarin ya fi fitowa fili kamar a kan wata karkanda da ta sauka a Lisbon ta Fotugal a 1515, wadda mai zane ɗan Jamus Albrecht Dürer ya zana ba tare da ya taɓa ganinta ba.

Mene ne bugun zane, kuma me ya raba shi da zanen hannu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu sassaƙa hatimin roba a bakin kotu ko sakatariya ya riga ya san tushen sana'ar. Mai hatimi yana yanka rubutun ne a juye, ya ƙwaƙule gefe-gefe ya bar haruffan a tsaye, idan aka dangwala tawada aka danna sai su fito daidai. Haka bugun katako yake. Mai zane zai yi zanensa a kan lafiyayyen allo, galibi na itacen da ba ya saurin tsagewa, wani gwani daban ya bi da wuƙa yana cire duk inda ba layi, a shafa tawada a danna a takarda. Amfaninsa shi ne ana iya jera shi da haruffan ɗab'i a buga hoto da rubutu lokaci guda, kuma allo ɗaya yana fitar da dubbai kafin ya gaji.

Hanya ta biyu ta maƙeran zinariya ce. A nan farantin jan ƙarfe ake ƙarta da wani ɗan ƙarfe mai tsini, a cusa tawada cikin ƙartar, a goge saman fes, sannan a matse shi da takarda mai ɗan danshi har ta tsotso tawadar. Wannan ya fi fitar da ƙananan abubuwa, kamar gashin kyanwa ɗaya bayan ɗaya, amma ya fi tsada kuma farantin yana saurin sulɓewa. Daga baya aka samo hanya ta uku: a lulluɓe farantin da abu mai kama da kakin zuma, a yi zane da allura, a tsoma a asid ya cinye inda allurar ta bi.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, abin da aka sassaƙa a juye yake fitowa. Mai zane Rembrandt na Holan ya buga zanen wani ƙwanson dodon koɗi na teku a 1650, bai juya shi a kan faranti ba, sai murɗin ƙwanson ya fito ta ɓangaren da irin wannan halitta ba ta murɗawa. Na biyu, kuma shi ne babba: zanen hannu guda ɗaya ne, yana rataye a gidan mai kuɗi, amma bugun zane duk kwafinsa iri ɗaya ne. Idan an dace, dubban mutane sun ga daidai. Idan an kuskure, dubban mutane sun ga kuskure iri ɗaya, kuma kowa zai samu wanda zai gaskata shi.

Masu ɗab'in farko ma ba su ɗauki hoto a matsayin shaida yadda muke ɗauka ba. Babban littafin tarihin duniya da aka buga a Nuremberg a 1493 yana da hotuna 1,809, amma alluna 645 kawai aka sassaƙa. Allo ɗaya sai a buga shi da sunan wannan birni, a sake buga shi da sunan wancan. A shagon da aka yi wannan aiki, na Michael Wolgemut, wani yaro ɗan maƙerin zinariya mai suna Albrecht Dürer ya fara koyon sana'a a 1486.

Daga Gujarat zuwa ƙasan teku

A 1514 Sarkin Gujarat, Muzaffar Shah na Biyu, ya yi wa gwamnan Fotugal a Indiya, Afonso de Albuquerque, kyautar karkanda. Jakadun gwamnan sun je neman izinin gina sansani a tsibirin Diu ne, ba su samu ba, amma aka yi musayar kyaututtuka kamar yadda aka saba tsakanin masu mulki. Albuquerque ya ɗora dabbar a jirgin ruwa tare da mai kula da ita, aka zagayo ta ƙasan Afirka, ta isa Lisbon ranar 20 ga Mayu, 1515. Rabon Turai da ganin karkanda mai rai tun zamanin daular Rum, sama da shekara dubu. Masu ilimin cikinsu sun san ta ne kawai daga rubutun Pliny, marubucin Rum na ƙarni na ɗaya, wanda ya ce ita ce babbar abokiyar gabar giwa, tana wasa ƙahonta a jikin dutse kafin faɗa.

Sarki Manuel na Ɗaya ya so ya gwada maganar Pliny. Ranar 3 ga Yuni aka fito da karkandar da wata matashiyar giwa a fili gaban jama'a. Giwar ta juya ta gudu. A ƙarshen shekarar sarkin ya aika da karkandar ga Fafaroma Leo na Goma, wanda ya riga ya aika wa giwa a 1514, don yana neman goyon bayansa kan yankunan da Fotugal ke mamayewa a gabas. Jirgin ya yada zango kusa da Marseille, inda Sarkin Faransa Francis na Ɗaya ya je kallonta a Janairun 1516. Da aka ci gaba da tafiya guguwa ta kifar da jirgin a gaɓar Italiya kusa da La Spezia. Karkanda ta iya iyo, amma wannan a ɗaure take da sarƙa a kan jirgin, nan ta nutse. Duk zamanta a Turai bai kai shekara ba. Na daɗe ina jin zafin wannan wuri na labarin: an rabo dabba da dausayinta, an yi yawon nuna isa da ita daga fada zuwa fada, aka bar ta ta mutu a ɗaure.

Dürer yana Nuremberg a Jamus, bai je Lisbon ba. Abin da ya iso garinsu wasiƙa ce da ɗan zane na wani da ya ga dabbar, don akwai 'yan kasuwa da masu ɗab'i Jamusawa a Lisbon da ke aiko da labarai gida. Daga wannan ya yi zanen alƙalami, wanda yake gidan tarihin Birtaniya a Landan yanzu, sannan aka sassaƙa shi a katako. A zanen alƙalami dabbar hagu take kallo, a bugun kuwa dama.

Abin da ke jikin takardar

Girman takardar kusan na A4 ne a kwance. Dabbar ta cika ta maƙil, ƙahonta na taɓa layin dama, bayanta na goga na hagu, kamar an tura ta cikin akurkin da ya yi mata kaɗan. Wannan kaɗai yana sa mai kallo ya ji nauyinta. Jikinta an raba shi faranti-faranti kamar sulken ƙarfe na mayaƙan Turai, da wuyan sulke, da na ƙirji, da abin da ya yi kama da ƙusoshi a gaɓoɓi. Ƙafafunta ɓawo-ɓawo ne kamar na kifi. A kan doronta, daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗa, akwai wani ɗan ƙaho a murɗe wanda babu karkandar da ke da shi. A sama ya rubuta shekara, 1515, da sunan dabbar, da tambarinsa na harafin A da D a cikinsa.

Sai rubutun da ke saman hoton, wanda a ganina shi ne rabin sirrin. Ya ce launinta kamar na kunkuru mai dabbare-dabbare, girmanta ya kai na giwa sai dai ƙafafunta sun fi gajarta, ya maimaita zancen Pliny na wasa ƙaho da farke cikin giwa. Ya kuma yi amfani da wata kalmar Jamusanci ta lokacin, "abconderfet", wadda ke nufin an kwafo siffar abu daidai yadda yake. Mai saye idan ya ga wannan kalma ya san ana ce masa ne wannan ba ƙirƙira ba ce. Amma ko shekarar da rubutun ya ce dabbar ta iso, 1513, kuskure ce.

Wannan da'awa ta "haka muka gan shi" ta girmi Dürer. Littafin tafiyar Bernhard von Breydenbach zuwa Ƙudus, wanda aka buga a Mainz a 1486, yana da shafi guda na dabbobi da aka rubuta a ƙasansa cewa an zana su da gaskiya kamar yadda aka gan su a can. Akwai raƙumi, da kada, da raƙumin dawa, kuma a tsakiyarsu ga doki mai ƙaho ɗaya a goshi. Mai karatu a Jamus bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan raƙumin dawa mai wannan dogon wuya gaskiya ne, da wace hujja zai ƙaryata doki mai ƙaho? Sai a 1638 wani likita ɗan Denmak, Ole Worm, ya nuna cewa "ƙahon" da sarakuna ke saye da tsada haƙorin wata dabbar tekun arewa ce.

Me ya sa nasa ya ci kasuwa?

A shekarar nan ta 1515 wani gwanin, Hans Burgkmair na Augsburg, shi ma ya buga tasa karkandar. Tasa ta fi kusa da gaskiya: babu ƙahon doro, fatar ta fi kama da fata, har da ɗaurin da ke ƙafafunta na gaba ya nuna. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, yana gidan adana zane na Albertina a Biyana, babban birnin Ostiriya. Na Dürer kuwa an ƙiyasta an sayar da tsakanin 4,000 da 5,000 tun yana raye, kuma bayan rasuwarsa a 1528 aka ci gaba da bugawa daga allon nan har ya kai hannun masu ɗab'i a Holan a ƙarni na 17, tsagewa da cin ƙwari suna bayyana a jikinsa.

Dalili na farko suna ne. Dürer ya riga ya shahara, tambarinsa kaɗai yana sayar da takarda, har a 1512 majalisar Nuremberg ta tsawata wa wani baƙo da ke sayar da zane da tambarin jabu. Na biyu tsarin kasuwa: matarsa Agnes tana kai bugunsa kasuwanni, yana kuma da dillalai masu yawo da su gari-gari. Na uku, ya zaɓi katako maimakon jan ƙarfe, wato ya nufi araha da yawa tun farko. Na huɗu shi ne wanda ba a cika son faɗa ba: tasa ta fi kyau, kuma ta fi dacewa da abin da mutane ke sa ran gani. An ce musu dabba ce da giwa ke tsoro, to ga ta nan cikin sulke.

Daga nan sai littattafan ilimi suka ɗauka. Conrad Gessner na Zurich, wanda ya fara fitar da babban kundinsa na dabbobi a 1551, ya kwafe ta kuma ya faɗi cewa ta Dürer ce. Edward Topsell ya kwafa daga Gessner zuwa Ingilishi a 1607. Alessandro de' Medici mai mulkin Florence ya mai da ita tambarinsa, aka kuma zuba ta a ƙofar tagulla ta babban cocin Pisa. Wata karkandar ta biyu ta zo Lisbon a 1577, ta zauna shekaru a Madrid, Philips Galle ya buga zanenta a 1586, amma bai iya ture na Dürer ba. Kowane sabon littafi da ya kwafa sai ya zama ƙarin shaida, alhali duk daga rijiya ɗaya aka ɗebo.

Kada a ɗauka duniya ce duka ba ta san dabbar ba. Malamin Musulmi Al-Biruni ya siffanta karkandar Indiya a littafinsa tun wajajen 1030, da sunanta na can, ganda, har ya ce ya ga wata ƙarama ta kai wa giwa hari da idonsa. Babur, wanda ya kafa daular Mughal ta Indiya, ya yi farautarta kusa da Peshawar a zamanin Dürer ɗin nan. Sunan da muke kiranta da shi ma ɗan'uwan "karkaddan" ne na Larabci. Duhun na Turai ne, sai dai Turai ce ke da injin ɗab'i.

Dabba a matsayin magana

Kuskure ne a auna duk waɗannan zane-zane da ma'aunin littafin kimiyya, don da yawansu ba siffar dabba suka zo koyarwa ba. Bahaushe ya san wannan sarai. Idan aka ce kura a tatsuniya, kowa ya san zari da wauta ake nufi, dila kuma malamin daji ne. Turawa ma suna da nasu. An buga tatsuniyoyin Aesop da hotunan katako a Ulm wajajen 1476, sannan a 1567 Marcus Gheeraerts na Bruges ya fitar da littafin tatsuniyoyin dabbobi da zane sama da ɗari na asid, waɗanda aka yi ta kwafa fiye da ƙarni guda.

Misali mafi daɗin bincike shi ne bugun jan ƙarfe da Dürer ya yi a 1504 kan labarin Adamu da Hauwa'u yadda Kiristocin Turai ke kwatanta shi. Musulmi ba ya zana annabi, kuma ba siffofin mutanen ne suka kawo ni nan ba, dabbobin da ke ƙasa ne. Akwai kyanwa a kwance, ɓera a gabanta ba ta taɓa shi ba. Akwai zomo, da sa, da wata ƙatuwar dabba dangin barewa ta ƙasashen sanyi. Masanin tarihin zane Erwin Panofsky ya nuna cewa huɗun nan suna wakiltar ruwaye huɗu na jiki da likitancin da ya ginu a kansu. Wanda ya leƙa littattafan ɗibbu na Larabci ya san su: jini, safra'u, sauda'u da balgam. Zomo na jini ne, kyanwa ta safra'u mai saurin fushi, sa na balgam mai nawa, dangin barewar kuma ta sauda'u mai baƙin ciki. Duk suna kwance lafiya saboda ba a riga an saɓa umarni ba. Da zarar an ci 'ya'yan itacen, kyanwa za ta daka wa ɓera tsalle. Can sama a kan tsinin dutse ga wata akuyar dawa tana leƙen rami. Mai ilimin wancan zamani yana karanta wannan kamar yadda muke karanta karin magana.

Dürer ɗin nan fa mutum ne mai ƙishirwar gani da ido. Zomon da ya zana da launin ruwa a 1502 har yau ana mamakin gashinsa. A ƙarshen 1520 ya ji labarin wani ƙaton kifin teku, wel, da ruwa ya turo gaɓa a Zeeland ta Holan, ya yi tattaki don ya gani, kafin ya isa ruwa ya janye shi. Wanda ya yi wannan ba maƙaryaci ba ne ta ɗabi'a. Inda ya samu gani ya duba, inda bai samu ba ya cike da abin da hannunsa ya saba.

Lokacin da dabba ta zama makami

Nan ne labarin ya haɗu da hoton ƙanwata. A watan Maris na 1496 aka haifi alade mai kai ɗaya, jiki biyu da ƙafa takwas a Landser ta yankin Alsace. Marubuci Sebastian Brant ya fitar da takarda guda mai hoto da waƙa yana fassara ta a matsayin gargaɗi, Dürer ma ya buga zanenta. Shekarar 1500 na ƙaratowa, mutane na cikin fargabar tashin duniya, irin waɗannan takardu kuwa suna tafiya kamar wutar daji.

A Disambar 1522 aka haifi ɗan maraƙi mai naƙasa kusa da Freiberg a Saxony, fatar wuyansa ta naɗe kamar hular alkyabbar rahiban coci. Rikicin Martin Luther, rahibin Jamus da ya yi wa fafaroma tawaye, da cocin Roma yana kan ganiyarsa. Masu adawa da Luther suka ce ai shi ne maraƙin, rahibin da ya lalace. A 1523 Luther da abokinsa Philip Melanchthon suka mayar da martani da ɗan littafi mai hotuna biyu daga shagon mai zane Lucas Cranach. Luther ya ce maraƙin yana nuna ɓacin rahibanci ne gaba ɗaya. Melanchthon kuma ya ɗauki wata halitta da aka ce an tsinta a kogin Tiber na Roma a 1496, mai kan jaki, jikin mace, ɓawon kifi da ƙafafu mabambanta, ya bi gaɓoɓinta ɗaya-ɗaya yana cewa kowace tana nuna wani aibin fafaroma. Maraƙi ɗaya, fassara biyu masu karo da juna, kowane ɓangare kuma ya tabbata Allah ne ya aiko masa da hujja.

Mafi yawan jama'a a lokacin ba su iya karatu ba, don haka hoto ne ke isar da saƙo a kasuwa da mashaya. Magoya bayan Luther suka riƙa zana abokan gabarsa da kawunan dabbobi: Thomas Murner kyanwa, Hieronymus Emser bunsuru, Johann Eck alade. Mafi muni shi ne zanen da ke haɗa Yahudawa da alade cikin ƙazanta, wanda aka yi ta bugawa a Jamus tun ƙarni na 15. Wanda ya saba ganin maƙwabcinsa a siffar dabba tun yana yaro, ranar da aka ce a kore shi daga gari ba zai ji wani nauyi ba. Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai, don talaka ne ke sayen takardar kuma talaka ne ake tunzurawa a kan ɗan'uwansa.

Wel ɗin da ya maƙale a gaɓar Berkhey ta Holan a 1598 shi ma bai tsira ba. Holan na cikin yaƙi da Sifaniya, mutane suka yi ta tambayar wane ɓangare alamar ta nufa. Hendrick Goltzius ya zana shi, Jacob Matham ya sassaƙa, ga mutane a hoton suna auna tsawonsa suna ɗibar mai. Duk da wannan kusanci, fiffiken gefensa ya fito kamar kunne, kuma waɗanda suka kwafa daga baya suka tafi da kunnen.

Inda masana suka rabu

Ɓangare ɗaya yana ganin Dürer ya jawo wa ilimi koma baya. Tun a 1743 likitan Ingila James Parsons, wanda ya ga karkanda mai rai a Landan, ya soki zanen da masu kwafarsa. Masanin tarihin zane Ernst Gombrich a ƙarni na 20 ya kai maganar nesa: ya ce ko waɗanda suka zana karkanda tana tsaye a gabansu, sulken Dürer yana kutsowa cikin aikinsu, saboda mai zane yana farawa ne daga siffar da ya haddace.

Ɗaya ɓangaren yana cewa a yi adalci. Karkandar Indiya da gaske fatarta naɗe-naɗe ce masu kauri kamar faranti, da ƙuraje kamar kan ƙusa, kuma ƙaho ɗaya gare ta a hanci, saɓanin na Afirka masu biyu. Ga wanda bai gan ta ba, Dürer ya kusanto ƙwarai. Ƙahon doron, wasu na ganin kuskuren fahimtar ɗan zanen da aka aiko ne, wasu kuma na ganin ƙoƙari ne na daidaita ta da tsofaffin marubutan Rum da suka ambaci mai ƙaho biyu. Sulken kuwa, Nuremberg gari ne na maƙeran sulke, kuma shi kansa ya yi zanen adon sulke a shekarun nan.

Ni dai ina ganin laifin da ya fi girma yana kan waɗanda suka biyo baya. Dürer ya yi hasashe sau ɗaya da abin da ya samu. Masu littattafan da suka kwafa shekara ɗari biyu, har bayan wata karkandar ta zauna a Madrid, su ne suka mai da hasashe ya zama ilimi.

Abin da ya kawo gyara, da abin da ya shafe mu

Gyara ya zo ne ta hannun masu komawa ga abin da kansa. Masanin kimiyya na Ingila Robert Hooke ya leƙa ƙuma ta madubin ƙara girma ya buga ta a 1665 a takardar da sai an warware ta saboda faɗi. Mai zanen ƙwari Maria Sibylla Merian, tana da shekara 52, ta tashi daga Amsterdam zuwa Suriname a 1699, ta yi kiwon tsutsotsi tana jiran su rikiɗa, ta fitar da bugun zane 60 a 1705, kowane ƙwaro a kan ganyen da yake ci. Ta kuma rubuta cewa bayi 'yan Afirka da 'yan asalin ƙasar ne suka nemo mata da yawa daga cikinsu, suka gaya mata amfanin tsirran.

Karkanda kuwa sai da wata mai suna Clara ta zo. Wani kyaftin ɗan Holan, Douwe Mout van der Meer, ya sauke ta a Rotterdam a 1741, ya yi shekara 17 yana yawo da ita a keken dawaki: Balin, Biyana, Paris, Roma, Venis, har ta mutu a Landan a 1758. Talaka ya biya kuɗi kaɗan ya gan ta da idonsa, ya ga babu ƙaho a doro. Kyaftin ɗin ma takardun hotonta yake sayarwa a ƙofa, wato bugun zane ne ya gyara abin da bugun zane ya ɓata. Duk da haka, zanen Dürer bai bar littattafan makaranta a Jamus ba sai a shekarun 1930.

Abin da na gaya wa ƙanwata bai wuce abin da zan tambayi takardar 1515 ba. Wa ya gani da idonsa, a wane gari, yaushe? Mutum goma da suka turo miki, shaidu goma ne ko kwafi goma na abu ɗaya? Wanda ya rubuta "alamar ƙarshen zamani" a ƙasa, wa yake so ki ji tsoro ko ki tsana? Na kuma ce mata ana haifar maraƙi da naƙasa da gaske, makiyaya da likitocin dabbobi sun sani, don haka hoton na iya zama gaskiya fassarar ta zama ƙarya, kamar na Freiberg. Muka nemi sunan ƙauyen a saƙon, babu.

Akwai kuma wata alaƙa da ta fi kusa da gida. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta taɓa yawo a dazukan yankin Tafkin Chadi, ragowarta na ƙarshe suna arewacin Kamaru. Masu farautar ƙaho suka ƙarar da ita. Binciken da aka yi a 2006 bai samu ko ɗaya ba, a 2011 aka ayyana ta a matsayin wadda ta ƙare. Yaron da ke tasowa a Garwa ko Marwa yau, a ƙasar da kakanninsa suka san sawunta, a hoto kawai zai san karkandar yankinsu.